Yadda Ake Rage Tarkace da Tsara Garejin Aiki Bayan Ƙaura Zuwa Sabon Gida a Kano

Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida ya koma wani a birnin Kano ya san cewa gareji shi ne inda ake jibge duk kayan da ba a yanke shawara a kansu ba. A ranar ƙaura 'yan dako suna gaggawar sauke kaya domin a sallami mai a-kori-kura, uwargida tana fama da kayan ɗaki da na girki, shi kuma maigida duk kwalin da aka tambaye shi inda za a kai sai ya nuna gareji. Kafin magariba wurin ya cika har bakin ƙofa, kuma a gidaje da yawa haka zai zauna har damina biyu ta wuce, mota tana kwana a waje, guduma kuwa sai an nemo aro duk lokacin da ake son buga ƙusa, alhali akwai uku a cikin shirgin.

Na rubuta wannan jagora ne domin magidancin da yake taɓa aikin hannu a gidansa, ko gyaran mota da babur ne, ko ɗan aikin kafinta, ko gyaran famfo da fanka da janareto, kuma yake so garejin sabon gidansa ya zama wurin aiki na gaske. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne jerin aikin: a fara rage kaya, sannan a auna wuri, sannan a ƙera wurin ajiya. Mafi yawan mutane da ƙera kantar jera kaya suke farawa, su kira kafinta ko mai walda tun ba su san yawan abin da za su ajiye ba, ƙarshenta su kashe kuɗi wajen yi wa tarkace masauki. Makonnin farko bayan ƙaura su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin kayan suna nan a ɗaure cikin kwali da buhu, ba su riga sun bazu cikin lunguna ba.

Mataki na farko: fitar da komai, ka duba ɗakin shi kaɗai

Ka zaɓi ranar da ba ka da fita. Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake tsaftar muhalli a Kano kuma ake taƙaita zirga-zirga da safe, ta dace ƙwarai, tun da dama kana gida kuma samarin gidan suna nan. A fara da sassafe kafin rana ta take, musamman a bazara, lokacin da zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Idan kuma damina ce, a tanadi tamfol a kusa saboda hadari. A shimfiɗa tamfol ko tsohuwar tabarma a harabar gida, daga cikin get ba a bakin titi ba, a fito da komai har tsinke, sannan a share ɗakin tas.

Wannan ita ce kaɗai damar da za ka samu ta ganin ɗakin babu komai a cikinsa, saboda haka kada ka yi gaggawar wucewa. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko kwano, domin tabon ruwa mai launin ƙasa-ƙasa shaida ce ta yoyo, ko da yanzu rani ne. Ka dubi gindin bango, inda fenti yake kumbura ko wani farin gari kamar gishiri yake fitowa, wannan alamar danshi ce da ke tasowa daga ƙasa, kuma bangon da yake da ita bai kamata a jingina masa katako ko siminti ba. Sai ka ɗebo bokitin ruwa ɗaya ka zuba a tsakiyar daɓe ka tsaya ka ga inda ya nufa. Idan ya gangara waje, madalla. Idan ya nufi cikin ɗaki ko ya kwanta a wata kusurwa, to haka ruwan watan Agusta zai yi, kuma gara ka kira birkila yanzu ya yi ɗan tudu a bakin ƙofa ya gyara gangaren, da ka zo kana kwashe ruwa da dare daga ƙarƙashin injinanka.

Bayan haka sai gara. Ka bi bango da jikin ƙofa da katakon rufi kana neman siririyar hanyar ƙasa da take ginawa. Sababbin unguwannin da ba a daɗe da mayar da gonakinsu filaye ba, irin na gefen Danbare ko Mariri, sun fi fama da ita, amma tsofaffin unguwanni ma ba su tsira ba. Idan ka ga alamarta, a yi feshi tun ɗakin yana fanko, a bar shi a buɗe ya sha iska, a kuma hana yara shiga har warin ya fita. A toshe ramukan ɓera da siminti, a cike tsagar daɓe inda kunama take maƙalewa. Idan da hali a shafa wa bango farin fenti, domin yana ƙara haske fiye da yadda mutum yake zato, kuma ƙaramin noti da ya faɗi ya fi saurin ganuwa a ɗaki mai haske.

Wanda yake haya ya tuntuɓi mai gidan ko wakilinsa kafin ya huda bango ko ya ja sabuwar waya, a kuma yi magana a fili kan abin da zai cire ya tafi da shi ranar tashi da abin da zai bari.

Mataki na biyu: tantance kaya

A nan aikin yake, kuma a nan ne mutane suke gajiya su mayar da komai ciki. Ka ware wurare biyar a kan tamfol: kayan da kake aiki da su, kayan da suke buƙatar gyara, kayan da za a sayar ko a bayar, kayan zubarwa, sai kuma kayan da ba naka ba ne. Ka riƙa buɗe kwali ɗaya ɗaya, kuma duk abin da ka ɗauka kada ka ajiye shi sai a ɗaya daga cikin wuraren nan. Ba a yarda da wuri na shida na abin da za a duba daga baya ba, domin shi ne yake haɗiye sauran.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne tambaya guda: a cikin shekara biyu da suka wuce, na yi aiki da wannan abin? Idan amsar a'a ce, to sai abin ya kawo hujjar zamansa. Akwai waɗanda hujjarsu a bayyane take, kamar jek da sifanar taya da tsani da abin kashe gobara, waɗanda ba kullum ake nemansu ba amma ranar da aka neme su babu abin da zai maye gurbinsu. Akwai kuma waɗanda ba su da hujja ko kaɗan, kuma shugabansu shi ne kayan motar da ka riga ka sayar. Fitilar baya da tsohon kafireto da madubin motar da ta bar hannunka shekaru da dama ba za su shiga motar da kake hawa yanzu ba, amma suna da daraja a wurin mai irin waccan motar.

Kayan aikin da suka maimaitu ma a rage su. Wanda yake hawa Toyota ko Honda ya san cewa sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17 su ne suke yawan aiki, mai Fijo kuma ba ya rabuwa da lamba 13. Idan kana da lamba 10 guda biyu, ka riƙe su duka, domin ita ce ta fi kowacce ɓata. Amma sifanar da bakinta ya buɗe har tana zamewa tana cinye kan noti, da sukundireban da bakinsa ya dakushe, da filayar da haƙoranta suka shafe, waɗannan ɓarna suke yi, kuma wurinsu yana cikin ƙarafan sayarwa. Gudumar da ƙotarta take girgiɗi a sake mata ƙota a makon nan ko a rabu da ita, domin kan guduma idan ya fita yana iya raunata wanda yake tsaye a gefe.

Akwai kayan da suke mutuwa a ajiye, kuma dole a buɗe su a gani. Gwangwanin fenti a buɗe shi a juya da sanda: idan ya daskare, ko ya yi gudaji da ba ya narkewa, ko fentin ruwa ne da ya yi ɗoyi, ya gama aiki. Ragowar siminti a sa hannu a ciki, idan gudajin yana murƙushewa da yatsa ana iya ƙaramin faci da shi, idan kuwa ya zama dutse a fitar da shi, domin siminti yana shan danshin iska ko ba a jiƙa shi ba, kuma ƙarfinsa yana raguwa bayan 'yan watanni a ajiye. Tsohuwar taya tana da lambobi huɗu a gefenta da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018, kuma tayar da ta tsufa ta tsattsage ba ta da amfani ko da zanenta bai cinye ba. Barin ta a harabar gida kuma tara ruwan sauro ne da damina. Injin huda da injin yankan ƙarfe da duk abin da yake aiki da lantarki a jona shi a gwada, a kuma bi wayarsa da hannu daga farko zuwa ƙarshe, bayan an cire ta daga soket, ana neman inda ta kware.

Kusan kowane gida akwai babban gwangwanin madara cike da ƙusa da noti da washa da sukurori a cakuɗe. Kada ka mayar da shi yadda yake. Ka juye shi a kan babban faranti, ka zauna a inuwa tare da yaro ɗaya mai haƙuri, ku fara fitar da lanƙwasassu da waɗanda tsatsa ta cinye, sannan ku ware ƙusa gefe, sukurorin katako gefe, noti da abokin ɗaurinsa gefe, kuna gwada kowane noti a jikin nasa kafin ku ajiye. Za ka ga abin da ya rage bai kai rabin gwangwanin ba, amma yanzu kowane ɗaya ana iya samunsa a lokacin da ake nema. Aikin yana cin kamar sa'a guda, kuma yana cikin sa'o'in da suka fi kowanne riba a duk ranar.

Tarin gyara yana buƙatar wa'adi. Ka ba shi wata ɗaya, kuma ka kai kayan wurin mai gyara a cikin makon farko. Fankar da ta shekara uku tana jiran a naɗa mata waya, idan ba ta bar gidan a wannan watan ba, ta koma tarin sayarwa.

Kayan da ba naka ba kuwa hukuncinsu daban ne, domin amana ce. A gidajenmu da wuya a rasa akwatin ɗan'uwa da ya yi tafiya, ko keken ɗinkin wata gwaggo, ko injin da aboki ya ajiye ya manta. Ba ka da ikon sayarwa ko zubarwa, amma kana da ikon kiran mai abu cikin girmamawa ka ce: "Yaya, mun tashi daga tsohon gida, ga kayanka sun biyo mu, ina so in aiko maka da su kafin ƙarshen wata, ina za a kai?" Idan ka ɗauki nauyin kuɗin ɗan sahun da zai kai, maganar takan zo da sauƙi. Haka nan kayan aikin mahaifi da ya rasu, idan ba a raba gado ba, ba naka ba ne kai kaɗai, sai an sanar da sauran magada. Idan kuma sun zama naka, ka zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi tuna maka da shi, ka goge su ka rataye inda za ka riƙa gani, sauran ka bai wa wanda zai yi aiki da su.

Saura kayan cikin gida da suka ɓuya a gareji: manyan tukwanen biki, kuloli, buhunan masara da gero. A zauna da uwargida a yi shawara, kada ta wayi gari ta ga an fitar mata da kaya. Tukwane da kuloli ana iya ware musu kanta ɗaya ta sama. Hatsi kam bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da fetur da fenti da maganin ƙwari ba, domin yana ɗaukar wari, yana kuma kiran ɓera, ɓera kuma ba ya barin wayar lantarki.

Mataki na uku: kayan da za su fita su fita a makon

Tarin da aka bari a harabar gida yakan lallaɓa ya koma ciki, saboda haka a gaggauta. 'Yan gwangwan da suke zagaya unguwa da kura suna sayen ƙarfe da kilo, amma kafin ka kira su ka ware ƙarafan, domin jan ƙarfe da alminiyam sun fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba, kuma idan aka auna su a haɗe da farashin mai araha za a saya. Maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, zai taimaka: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama jan ƙarfe ko alminiyam. A yi ciniki da awo a bakin get a gabanka, ba sai an shigo da kowa cikin gareji ya ga abin da ka mallaka ba. Kayan mota masu sauran rai da manyan ƙarafa sun fi daraja idan aka kai su kasuwar Ƙofar Ruwa. Mataccen batirin mota shi ma ana sayensa saboda darmar cikinsa, amma a ɗauke shi a tsaye, kada a zubar da ruwansa a ƙasa, domin ruwan batir yana ƙona fata da tufafi.

Kayan aikin da suke da lafiya amma suka yi maka yawa, ina ganin bayar da su ya fi sayarwa. A kowace unguwa akwai yaran da suke koyon kafinta ko kanikanci ko gyaran wuta, waɗanda zarto ɗaya ko jerin sifana zai iya zama farkon jarinsu. Ka tambayi ubangidansu wanda ya fi cancanta.

Baƙin mai a tara shi a jarka mai murfi a kai wa bakanike, kada a tuttular da shi a kwata ko kusa da rijiya. Kada a ƙona taya ko roba ko waya a unguwa. Sauran shara a kai ta wurin da aka keɓe domin motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB, ba magudanar ruwa ba, tun da toshewar magudanai tana cikin abin da yake jawo ambaliya a birnin nan duk shekara.

Mataki na huɗu: awo da rabon wuri

Sai yanzu za ka san ainihin yawan kayanka. Idan mota za ta riƙa kwana a ciki, ka shigar da ita, ka buɗe ƙofar direba da but, ka zana iyakarta da alli a daɓe. Mota irin Corolla tana da tsawon kimanin mita 4.6 da faɗin kusan mita 1.8, kuma kana buƙatar kamar santimita 80 a gefen direba domin fita ba tare da buga ƙofa ba. Abin da ya rage a wajen layin allin shi ne wurin aikinka. Idan ka ga bai isa ba, ka yanke shawara tun yanzu: ko a yi wa mota rumfa a harabar gida, ko a yi teburin da ake naɗewa a jikin bango. Ƙoƙarin cusa duka biyun a wurin da ba zai ɗauka ba yana ƙarewa ne da karcewar fentin mota.

Teburin aiki ya zauna kusa da taga, inda haske da iska suke. Kayan da hannu yake nema kullum su kasance tsakanin ƙugu da kafaɗa, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi da ba a cika nema ba a sama. Dogayen kaya irin su tsani da shebur da diga da manjagara a rataye su kusa da ƙofa, domin a waje ake aiki da su. Ka zana duk wannan a takarda da awonsa kafin ka kira kowa.

Mataki na biyar: tebur, kanta da allon bango

Tsayin teburin aiki ga yawancin mutane yana tsakanin santimita 85 da 90, amma hanyar da ta fi ita ce ka tsaya ka saki hannunka, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne saman tebur. Falle ɗaya na filawud yana da ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo. Idan ka sayi mai kaurin inci uku bisa huɗu aka tsaga shi biyu ta tsawo, aka ɗora ɗaya kan ɗaya da gam da sukurori, ka samu saman tebur mai faɗin ƙafa 2 wanda zai jure dukan guduma. Idan katako za ka yi ƙafafu da shi, ka je 'Yan Katako a Na'ibawa da kanka ka zaɓi busasshe kuma miƙaƙƙe, domin ɗanyen katako yana murɗewa da zarar iskar hunturu ta buge shi.

Game da kanta, ra'ayina shi ne a Kano ƙarfe ya fi katako. Mai walda zai haɗa maka ita da ƙarfen kwana, a shafa mata jan fentin hana tsatsa kafin fenti na biyu, a shimfiɗa filawud a kowane hawa. Ta fi tsada a farko, amma gara ba ta cin ƙafafunta, kuma mai haya yana iya ɗauke ta ranar tashi. Hawa na ƙasa ya tashi daga daɓe da kamar santimita 15, saboda ruwa da kuma tsintsiya ta samu shiga. Zurfinta kada ya wuce santimita 40 zuwa 45, domin kanta mai zurfi tana ɓoye abin da yake baya har a manta da shi. Doguwar kanta dole a ɗaure ta a bango daga sama, musamman a gidan da yake da yara masu hawa.

Sai a kula da irin bangon. Yawancin gidajen yanzu da bulo mai rami aka gina su, inci 6 ko inci 9, kuma fisha, wato 'yar robar da ake sakawa a hudar bango domin ta riƙe sukuru, idan aka cusa ta a daidai ramin bulo ba ta riƙe nauyi mai yawa. Saboda haka nauyin kanta ya sauka a kan ƙafafunta, bango ya zama mai hana ta faɗuwa kawai. Kafin ka huda, ka tuna cewa waya a cikin bango yawanci tana tafiya ne a miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunni, don haka a guji wannan layin, a kuma guji bangon da bayansa banɗaki ne saboda bututun ruwa.

Allon bango shi ne zuciyar wurin. Ka kwantar da fallen filawud a ƙasa, ka jera kayan hannu a kansa yadda kake so, sifanu daga ƙarama zuwa babba, guduma da filaya a gefen hannun da kake aiki da shi. Idan jerin ya yi maka, ka buga ƙusa ko sukuru inda kowanne zai rataya, ka zagaye siffarsa da alƙalamin maka, sannan a ɗaga allon a kafa shi a saman tebur. Amfanin zanen shi ne da kallo ɗaya za ka san abin da ba ya nan, kuma ko yaro aka aika ya san inda zai mayar.

Amma ba komai ake ratayewa a fili ba. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga cikin injin huda da na'urorin awo ta lalata su, saboda haka waɗannan a sa su a akwati ko durowa mai rufi. Ƙananan kaya a zuba su a robobi masu murfi da ake ganin cikinsu, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai, a rubuta sunan abin a gefe ba a kan murfi ba, tun da gefen ne ake gani idan an jera. Kwali kuwa kada ya zama wurin ajiya na dindindin, abincin gara ne kuma gidan kyankyasai.

Mataki na shida: lantarki, mai da janareto

Wannan ɓangaren bai kamata a yi masa ganganci ba. Ka kira mai gyaran wuta da ka amince da shi ya duba soket ɗin garejin, ya tabbatar wayar ta kai girman da ake kira 2.5, kuma wayar ƙasa, wadda take kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa, tana nan tana aiki. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, soket mai amfiya 13 kuma yana ɗaukar kimanin wat 3,000 ne kawai, saboda haka jona injina da yawa a kan doguwar waya ɗaya mai araha hanya ce ta gobara. A sa soket biyu ko uku a saman tebur, injin walda kuma a ja masa layinsa daban. A sa fitila a daidai kan tebur yadda inuwarka ba za ta rufe aikin ba, a kuma rataye fitila mai caji kusa da ƙofa saboda ɗaukewar wuta.

Janareto ana iya ajiye shi a gareji a kashe, amma ba a kunna shi a ciki, ko da ƙofa a buɗe take. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take sa mutum barci ya wuce daga nan, kuma an sha rasa iyali guda a ƙasar nan ta wannan hanya. A kunna shi a fili, nesa da taga da ƙofa da kamar mita 6. Haka ma mota, ba a barin ta tana aiki a rufaffen gareji.

Fetur a taƙaita shi iya buƙata, a jarka mai ƙwarin murfi, kuma in da hali a yi masa ƙaramin wuri mai iska a waje cikin inuwa. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, tartsatsin injin yankan ƙarfe kuma yana iya tashinsa daga ɗaya gefen ɗakin. Tukunyar gas da tinar sirka fenti da kalanzir su ma a nisanta su daga inda ake walda ko yanka. Kada a taɓa zuba kalanzir ko maganin ƙwari a gorar lemo ko ta ruwa, domin yara suna sha bisa kuskure, a bar su a mazubinsu na asali cikin kabad mai kwaɗo. Batirin mota ko na inbata idan ana cajinsa yana fitar da iska mai kama wuta, don haka yana buƙatar wuri mai shan iska. Tsummokaran da suka sha mai ko fenti kada a dunƙule su a kusurwa, a baza su a waje su bushe ko a sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi.

A sayi abin kashe gobara mai gari, a rataye shi a bakin ƙofa inda za a iya ɗauka ba tare da an kutsa cikin hayaƙi ba, a ajiye bokitin yashi a gefensa, a kuma koya wa mutanen gida cewa ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki. Lambar hukumar kashe gobara a rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin bango.

Mataki na bakwai: aro da kulawar shekara

Maƙwabta za su zo aro, kuma hana maƙwabci tsani ko baro ba halin kirki ba ne. Abin da yake kare kaya da zumunci gaba ɗaya shi ne rubutu. Ka rataye ƙaramin littafi da biro a gefen allon, duk abin da ya fita a rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar, ka kuma ɗiga fenti mai launi ɗaya a jikin duk kayanka domin kada a yi musu a kansu. Injina masu hatsari kuwa ba a bai wa yaron da aka aiko, sai babban ya zo da kansa.

Sau biyu a shekara ɗakin yana buƙatar dubawa ta musamman. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, a duba rufi da magudanar bakin ƙofa, a goge zarto da sifanu da duk ƙarfe mara fenti da tsumma mai ɗan mai, domin danshin damina yana sa su tsatsa ko ruwa bai taɓa su ba, a kuma tabbatar babu buhu ko katako da yake zaune kai tsaye a daɓe. A watan Nuwamba kuma, da hunturu ya fara busawa, a toshe ƙasan ƙofa da ɗan yankin roba, a rufe injina, a ƙara ɗaure ƙotocin guduma da gatari da suka saki saboda bushewa, sannan a dubi allurar abin kashe gobara a ga ko tana nan a kan kore, idan ta sauka a kai shi a sake cikawa.